Zobe A Ka, Ba A Yatsa Ba

Wata daga cikinku ta rubuto min wancan makon, ta ce ni ba Tamsin nake so ba, wahala nake so. Baiwar Allah, na gode. Gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Lahadin nan, sannan ki sake yi min shari'a. Yanzu haka da nake rubutun nan yatsuna uku a naɗe suke da filasta, zuciyata kuma ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rory Pinder. Shekarata ashirin da uku, a unguwar Bulwell ta birnin Nottingham nake zaune da mahaifiyata. Ina ɗan sha shida na bar makaranta, saboda ni da kujera jininmu bai haɗu ba. Daga nan zuwa yau na kama aiki bakwai na saki: wankin mota, dakon kaya a sito, suyar kifi da dankali, har gadin wurin ajiye motoci na yi na kwana tara. Yanzu ina kan na takwas, rabon kaya gida-gida a farar motar kamfani. Mama ta ce ranar da na bar wannan, in haɗa da ɗakina in bar mata.

Tamsin Attewell kuwa a asibitin dabbobi take aiki. Ba ruwanta da takardun da ba ni da su. Sharaɗinta ɗaya ne tak. Tun da mahaifiyarta ta rasu shekara shida da suka wuce, daga ita sai babanta a gidan. Ta ce min, "Rory, in ba Baba ne ya riƙo hannuna ya shigo da ni coci ba, babu biki. Ba zan zaɓa tsakaninku ba, kada ma ka sa ni."

To, babanta shi ne dutsen da ke gabana.

Mista Desmond Attewell tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ɗakinsa na sama gaba ɗaya teburi ne guda, an shimfiɗa masa ciyawar ƙarya, da tuddai da busasshen rafi, a kai kuma sojojin dalma ne 'yan mitsi-mitsi, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba. Da su shi da 'yan ƙungiyarsu suke sake buga yaƙin Zulu da Turawan Ingilishi na 1879, ana jefa ƙwaya irin ta ludo, ana auna tafiyar kowace runduna da tef. Shekara talatin bai taɓa yarda ya riƙe sojojin ƙasarmu ba, kullum na Zulu yake riƙewa. Ya ce wanda aka shiga gidansa shi ne mai gaskiya. Shi ya sa duk ƙungiyar Sarki suke ce masa, kuma yana amsawa.

Mako shida da suka wuce aka gayyace ni cin gashin naman Lahadi. Na saka farar rigata da Mama ta goge har wuyanta yana yankan fata. Ina shiga na tarar an riga ni. Dokta Alistair Fenwick, likitan haƙori, ɗan ƙungiyarsu, ya hakince a kujerar da ke kusa da Tamsin, cikin rigar sanyi ruwan toka mai laushi kamar bayan kyanwa. Ni aka ba ni ta bakin ƙofa, inda iska ke shigowa.

Ana gama cin nama Alistair ya zaro wani ɗan akwati cike da irin sojojin nan.

"Ga su, Sarki. Na'ura ce ta fitar da su. Duba, har ƙwayar ido akwai."

Mista Attewell ya ɗauki ɗaya ya jinjina a tafin hannu. Ya zaro nasa tsoho daga aljihun falmaran, ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa a gefen kwanon miya. Sabon ya kere tsohon da kai guda.

"Alistair, wannan ai sai ya goya nawa ya kai shi makaranta. Ga shi fayau, ba nauyi. Roba ce. Sojan da ba ka ji shi a tafin hannunka ba, ba soja ba ne."

A ranar na gane damuwarsa. Sojojinsa zubin shekara arba'in ne, masu tsawon milimita ashirin da biyar. Na yanzu kuwa sai girma suke ta yi kamar ana musu ƙarin abinci. Mayaƙa sittin suka rage masa ya cika rundunarsa, kuma shekara sha ɗaya ke nan yana nema. Ga babban baje kolin masu wasan a garin Newark saura mako shida, wanda ya ce shi ne na ƙarshe da zai kai teburinsa, don hannunsa ya fara rawa.

Sai ya juyo kaina.

"Kai fa, samari? Aiki na nawa kake kai yanzu?"

"Na takwas, yallaɓai."

"Ban da kwanon abinci, akwai abin da ka taɓa farawa ka gama?"

Alistair ya tura dariyarsa cikin hankici. Tamsin ta take min ƙafa ta ƙarƙashin teburi, ma'ana in yi shiru. Amma kun san baki shi ke yanka wuya.

"Zan samo maka sittin ɗin," na ce. "In yi musu fenti kuma."

Mista Attewell ya ajiye cokalinsa.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya turo min tsohon sojansa: siririn mayaƙi, mashi a ɗage, baƙar garkuwa a hannun hagu.

"Irin wannan sak. Tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Tamsin ba za ta taɓa maka burushi ba. In ka ɓatar da shi, kada in sake ganin farar motar nan a layinmu."

Ban kai tashar bas ba wayata ta yi ƙara.

*Tamsin: Ka san abin da ka jawo wa kanka?*

*Ni: Sojoji sittin.*

*Tamsin: Ka taɓa riƙe burushi?*

*Ni: Na goge baki.*

*Tamsin: Wayyo ni Tamsin. Ina sonka, amma kai wawa ne.*

Jama'a, ni kalma biyu kawai na gani a saƙon nan, kuma da su na yi guzuri.

Na ɗauka abin zai zo da sauƙi, tunda a Nottingham in ka jefa dutse sai ya faɗa kan mai zubin sojojin dalma. Ina! Na naɗe sojan cikin safa, na ɓoye shi a tsohon gwangwanin shayin Mama don tsoron ɓata, hotunansa kawai nake yawo da su a waya. Duk shagon da na shiga sai a girgiza kai. Wani mai gemu ya tambaye ni, "Ashirin da biyar ɗin, zuwa ido aka auna ko zuwa tsakar ka?" Na ce ban sani ba. Kafin in rufe baki wasu mutum biyu da ke sayen fenti sun kaure da gardama a kan ido da tsakar ka, har ɗaya yana buga teburi. Na sulale na bar musu shagon. Na yi odar wasu ta waya, suka zo, ashe samudawa ne. Na yi odar wasu, suka zo kamar ƙwayar shinkafa.

Mako biyu suka tafi a banza.

Ranar wata Asabar da safe Mama ta buɗe gwangwanin da ba shi ba.

"Rory Pinder! Wace safa ce wannan a cikin gwangwanina?"

"Mama, a hankali! Aurena ne a ciki!"

"Aurenka wari yake yi." Ta zazzage sojan a tafinta, ta juya shi ta ƙasa, irin yadda take juya kowane kofi a kasuwar gwanjo. "Wane ne H.O.?"

"Wa?"

"Ga shi an rubuta. H.O. 84. Mako biyu kana yawo a gari, ba ka taɓa duba ƙasan abin ba? Kai da ubanka duk ɗaya, sai gaba kawai."

Na sumbaci goshinta, na ɗauki hoton rubutun, na koma wurin mai gemun nan da gudu. Yana gani ya cire hula.

"Harold Oldknow. Allah sarki. Ya daɗe da rasuwa. Amma na ji an ce matarsa tana nan a Ilkeston."

Gida na huɗu da na ƙwanƙwasa a Ilkeston aka nuna min nata. Misis Oldknow 'yar guntuwar tsohuwa ce, da rigar sanyi shuɗiya a kan wata rigar sanyin, da takalman roba na lambu. Na nuna mata hoton rubutun. Ta kawo wayar daf da hancinta, sannan ta goge ido da bakin hannun riga.

"Hannun Harold ne. Da allura yake rubutawa. Shigo, agwagwata, ka sha shayi."

A wajenmu in tsohuwa ta ce maka agwagwata, to ka samu shiga.

Ta kai ni ɗan ɗakin katako a bayan gida. Ga tukunyar narka dalma, ga injin juyi, ga fayafayan roba baƙaƙe jibge har rufi, waɗanda a cikinsu ake zubin. Ta ce rabonta da kunna wuta shekara sha biyu, amma hannu ba ya mantuwa. Ni kuwa sai zuba nake: Tamsin kaza, idonta kaza, yadda take yi wa karnuka magana, yadda babanta ya ba ni kujerar bakin ƙofa. Tsohuwa tana ta jan fayafayai tana hure ƙura, ta ba ni baya. Can sai na ji ta ce:

"Mai aure ko gwauro?"

Ku faɗa min gaskiya, wa zai ji wannan tambayar bai ɗauka da shi ake ba?

Na washe baki. "Ai ki ce mai aure kawai, Misis Oldknow! Saura ƙiris!"

"To madalla," ta ce. "Ka sauƙaƙa min."

Ta ɗora faifai a inji, ta danna, ya hau juyi yana gurnani. Ta ɗebo narkakkiyar dalma da ludayi tana sheƙi kamar azurfa, ta tsiyaya ta tsakiya. Ɗan jim kaɗan ta buɗe. Wallahi sai da na yi ihu! Ga su nan a jere sun yi da'ira, mashi a ɗage, da zafinsu kamar sabon burodi. Na yi ta tsalle a ɗakin nan har kaina ya bugi fitila. Zubi shida ta yi. Da ta gama ƙirga sittin a cikin kwalin takalmi, sai ta sake jefa ɗaya.

"Ga gyara. Harold bai taɓa sallamar mutum ba gyara ba."

Na iso gida na tsayar da su kusa da na Mista Attewell. Tsawo ɗaya. Nauyi ɗaya. Tsayuwa ɗaya. Bambanci guda na gani: sababbin kowanne da ɗan zobe a tsakar ka, kamar ƙaramin gammo. Na ce a raina, ai na tsohon shekara arba'in ana shafa shi, dole nasa ya suɗe.

Mako uku na yi ina fenti a teburin kicin. Ni, Rory, da ba na iya kallon wasan ƙwallo a zaune! Goman farko sun fito kamar an tsamo su daga kwata, na wanke su na sake. Na koyi riƙe numfashi in zan ja layin mashi. Na koyi cewa in ka yi gaggawa, fenti sai ya rama. Mama tun tana mita an hana ta wurin yanka albasa, har ta koma tana leƙowa tana cewa, "Wancan na gefe garkuwarsa ba ta ji ba." Duk na yi musu baƙar garkuwa irin ta samfurin. Zoben kan nan kuwa har wani mai na musamman na saya na shafa masa, yana ƙyalli. Na fi alfahari da shi a kan komai.

Ranar Talata, saura kwana biyar, ina hutun rana a cikin mota, na tura wa Tamsin hotonsu.

*Ni: Gaishe da mijinki.*

Na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta tsaya.

*Tamsin: Rory. Mene ne wannan a kansu?*

*Ni: Zobe. Kin ga ƙyalli?*

Sai kira ya shigo.

"Ka zauna?" ta ce.

"A mota nake."

"Rory, a wurin Zulu ba a yatsa namiji yake sa zoben aure ba, a ka yake sawa. Kuma ba ya sawa sai sarki ya ba rundunarsu izinin aure. Masu zobe manya ne, magidanta, farar garkuwa suke riƙewa. Baƙar garkuwa ta samari ce, gwagware. Rundunar samari Baba yake son cikawa."

"To yanzu..."

"Yanzu ka ɗauki magidanta sittin ka riƙa musu garkuwar gwagware. Tun ina 'yar shekara biyar na san wannan. Daga bakin ƙofa Baba zai hango. Alistair kuma sai ya shekara goma yana ba da labari."

Burodin da ke hannuna ya faɗi kan cinyata. *Mai aure ko gwauro.* Ashe ba da ni take ba!

Nan take na kira Misis Oldknow. Da na gama bayani sai na ji wata irin dariya har da tari.

"Wayyo cikina! Agwagwata, ina ruwana da aurenka? Faifai nake tambayarka!"

"A zuba min gwagwaren, don Allah. Yau zan zo."

"Ai da ka ce gwauro tun ranar, da na ce maka babu. Damina ta cinye faifan, ya dagargaje. Shi ya sa na ce ka sauƙaƙa min."

Na kifa kai a kan sitiyari har hon ya yi ƙara.

"Tsaya, kada ka mutu tukuna," ta ce. "Ka san yadda Harold ya yi gwauron tun farko? Mai auren ya ɗauka ya goge masa zobe da magagari. Mutum ɗaya ne. Mayar da magidanci gwauro ba wuya, tambayi kowace mace a Ilkeston. Sai dai a hankali, dalma laushi gare ta. Ka danna da ƙarfi, ka tafi da rabin kai."

Kai sittin. Kwana huɗu. A goge, a lallashe, a sake fentin gashi.

Na je wurin mai gidanmu na aiki na roƙi hutun kwana uku. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce babu. Jama'a, makullin motar yana hannuna. Na san yadda ake ajiye makulli a kan teburi a juya, sau bakwai na yi, har daɗi yake min. Hannuna ya fara miƙewa da kansa. Sai na ji muryar nan a kunnena: aiki na nawa kake kai yanzu, samari? In na je Newark da sojoji sittin da amsar "babu", me na gama?

Na mayar da makullin aljihu.

Sha biyar a rana. Biyar da safe kafin in fita, Mama tana tura min shayi ta gefen gwiwar hannu. Huɗu a hutun rana, a cikin mota, na ɗora faranti a cinya, mutane suna wucewa suna leƙen wani ƙato yana yi wa ɗan mitsitsin mutum aski. Shida da yamma in na dawo. Magagarin ɗan siriri ne kamar tsinken sakace, rabin lokaci kan soja yake ci, rabin lokaci yatsana. Na farko da na goge sai da na yi minti arba'in ina gumi. Ranar Juma'a kuwa har waƙa nake yi.

*Tamsin: Nawa suka rage?*

*Ni: Na raba aure arba'in da biyar.*

*Tamsin: Allah ya shirye ka. Ka ci abinci?*

Ranar Asabar da la'asar na gama na sittin. Na miƙa hannu cikin kwali, sai na taɓo gyaran Misis Oldknow, na sittin da ɗaya, da zobensa yana ƙyalli da baƙar garkuwarsa. Na ɗora masa magagari. Sai na tsaya.

Na daɗe ina kallonsa. Mama ta ce, "Lafiya kake murmushi kai kaɗai kamar wanda ya tsinci fam ashirin?"

Na ce, "Mama, ina kwat ɗin Kawu Trevor?"

Ranar Lahadi na shiga zauren Newark cikin kwat ruwan ƙasa da ya fi ni faɗin kafaɗa, rungume da kwalin takalmi. Zauren cike da tebura da ƙamshin shayi da soyayyen nama, ko'ina ƙarar ƙwaya ce ke gangarawa. Can na hango Tamsin. Koriyar riga ta saka, da rigar sanyi ruwan ƙwai wadda ta mahaifiyarta ce, wadda ba ta sakawa sai ranar da take jin tsoro. Teburin babanta ya fi na kowa jama'a: ga dutse a tsakiya, ga fararen tantuna, ga Zulu sun yi jeri a lanƙwashe kamar baka sun kewaye. Amma a gefen hagu akwai fili fetal, kamar wawulo a baki.

"A'a, ga mai rabon kaya," in ji Alistair. "A ina za mu sa hannu?"

Ban kula shi ba. Na ajiye kwalin a gaban Mista Attewell, na miƙa masa tsohon sojansa tukuna.

"Ga amanarka, yallaɓai."

Ya karɓa ya duba, ya sa a aljihu. Ya buɗe kwalin. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina a tafi. Ya ja tef ya auna. Ya juya ƙasansa, ya kafa ido a kan rubutun.

"Harold," ya ce a hankali. "Ina ka samo Harold?"

"Ilkeston. Matarsa ce ta zuba da hannunta."

Ya zaro gilashin ƙara girma ya kafa a kan sojan. Ya ɗauki na biyu. Na uku. Na goma.

"An goge kan nan."

"An goge, yallaɓai."

"Duka sittin?"

"Duka."

"Dalili?"

Na so in yi ƙarya, amma Tamsin tana kallona. Na faɗi komai, har da mai aure ko gwauro. Kai, zo ku ga dariya! Wani tsoho sai da ya dafa bango. Alistair har da hawaye. Mista Attewell kaɗai ne bai yi ba. Yatsuna yake kallo.

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Aikin naka fa? An koma neman na tara?"

"Ina nan a na takwas. Gobe ƙarfe bakwai zan ɗauki mota."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya fara jera su a filin nan da hannunsa mai rawa, ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ya taya shi ba. Da ya ajiye na ƙarshe bakan ya rufe. Ba mai iya nuna inda nasa suka ƙare nawa suka fara. Mutane suka hau tafi.

A nan ne ya kamata mai hankali ya ja da baya. Ni kuwa na sa hannu a aljihun Kawu Trevor, na zaro na sittin da ɗaya, na tsayar da shi shi kaɗai a gaban Mista Attewell.

Tafin ya mutu. Duk wanda ke wurin ya san abin da yake gani.

"Wannan fa?" ya ce. "Zobe a ka, garkuwa baƙa. Wa ya ba shi izinin sa zobe?"

"Babu wanda ya ba shi. Zumuɗi ne ya kwashe shi, halinsa ne tun yana yaro. Shi ya sa na kawo shi gaban Sarki." Na ajiye magagari a damansa, na ajiye 'yar kwalbar farin fenti a hagunsa. "In Sarki ya ce a goge, yanzu zan goge a gaban kowa. In kuma ya yarda, a ba shi farar garkuwa."

Tamsin ta toshe baki da hannu biyu.

Mista Attewell ya dubi sojan. Ya dubi 'yarsa, da rigar ruwan ƙwan nan, ya daɗe a kanta. Sannan ya miƙa hannu.

Magagarin ya ɗauka.

Jama'a, na ce shi ke nan, gogewa za a yi. Na ji Alistair ya sauke numfashi. Tsohon ya juya magagarin a hannu, ya shafa haƙoransa da suka cushe da dalma, sai ya zura shi a aljihun falmaransa ya danne da tafi.

"Wannan ya gama aikinsa," ya ce. Ya turo min kwalbar da ɗan yatsa. "Amma fari ba ya kama baƙi da shafa ɗaya, samari. Sau uku ake yi. Kowace shafa kuma sai ta yi mako guda tana bushewa."

"Haba Sarki," in ji Alistair, "ai minti ashirin ya isa."

"A gidana mako guda take yi." Ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗauki sojan ya sa a aljihun da tsohon yake. "Lahadi uku, ƙarfe ɗaya. Ka zo da burushinka. Kuma ka daina zama a bakin ƙofa, iska tana ɓata fenti."

Ban san lokacin da na rungume wani mutum da ban taɓa gani ba. Tamsin tana tsallaken teburi, tsakaninmu akwai dutse da Zulu ɗari huɗu, babanta kuma ya riga ya miƙa min ƙwaya yana cewa rundunar hagu tawa ce, in na bari aka karya ta zai sake tunani. Ba halin in je wurinta. Sai na ji waya ta motsa a aljihu.

*Tamsin: Ka taɓa zuwa wuri ɗaya Lahadi uku a jere?*

*Ni: Zan fara. Turo min awon yatsanki. Da milimita.*

Na ɗago. Tana dariya tana kuka, tana rubutu da babban yatsa ɗaya.

*Tamsin: Zuwa ido ko zuwa tsakar ka?*